Sunan da Na Kasa Cewa Ban Sani Ba

Bari in fara da masu turo min saƙo suna cewa, "Delfina, ke da ake biyanki don ki riƙe sirrin marasa lafiya, yaya kike baza shi a intanet?" Ku kwantar da hankalinku. Sunayen nan duk na canza su, har nawa, kuma wanda abin ya fi shafa ya riga ku karanta wannan shafin, ya sa hannu. Har gyara ya yi min, wai rigar da ya sa ranar ba koriya ba ce, ruwan toka ce. To na gyara.

Ga waɗanda yau suka shigo, ni ce Delfina Archuleta, shekarata ashirin da shida, ina zaune da iyayena da kakata a kudancin Albuquerque, gidan da ke da itacen tuffa a ƙofa. Aikina a wani asibiti ne, ofishin ajiye bayanan marasa lafiya. Taga ce da ni, da kujera mai juyawa, da hatimi guda uku. Duk mai son kwafin takardarsa wurina zai zo. Duk mai son takardar wani ma wurina zai zo, shi ne dai yake komawa hannu rabbana.

Ranar da na kama aiki, shugabarmu Bernadette Tsosie ta tsayar da ni ta sa na haddace jimla ɗaya. Ko wa ya tambaye ni wani, uwa ce, miji ne, ɗan sanda ne, amsar ba ta canzawa: "Ba zan iya ce muku muna da mai wannan suna ba, ba kuma zan iya ce muku ba mu da shi ba." Shekara huɗu ina faɗinta, a rana sai in faɗa sau goma. Ko daga barci aka tashe ni, ita za ta fara fitowa.

Asibitinmu yana kula da masu sauya jinsi, kuma da yawansu daga Texas suke tsallakowa. Dokar jiharmu ta hana mu miƙa bayanansu ga wanda yake farautarsu daga wata jiha, ko da kuwa takardarsa ta sha hatimi har ta gaji. A watan Agusta irin wannan wasiƙar ta faɗo kan teburina, daga wani lauya a Lubbock. Yana neman duk abin da muke da shi a kan wata Maribel Quintanilla, ga ranar haihuwa a ƙasa. Na shigar da sunan da ranar, kwamfuta ta fito min da mai fayil ɗin: Teo Quintanilla, ɗan shekara goma sha tara. Na buga hatimi na kai wa Bernadette, aka mayar wa lauya da amsar da ake mayar wa kowa. Ban taɓa ganin fuskar Teo ba. Amma a aikinmu suna ba ya ɓacewa daga ka, yana nan ajiye kawai.

Sai mu zo kan Ramiro Saldívar, wanda na san shi kuke jira.

Bara na fara ganinsa zaune a ɗakin jira, da rigar kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ranar tamu na'urar ta lalace, muna ta fifita da takardu. Na leƙo ta taga na ce, "Malam, tun safe ake jiranka, kai kuma ka zo ka zauna kana latsa waya?" Ya dube ni, ya dubi rigarsa, ya miƙe ba musu. Cikin minti ashirin sanyi ya dawo. Ya karɓi lambata wai don ko ta sake lalacewa. Na'ura dai ba ta sake lalacewa ba, amma wayata ba ta sake hutawa ba.

Mama ta so shi tun ranar farko, don ya cinye barkononta bai nemi ruwa ba. Baba ya so shi don ba ya yawan magana. Nana Cleofas, kakata, ita ce ta kafa sharaɗi. Ta ce a gidan Archuleta ba a neman aure da durƙusawa a gidan cin abinci ana ɗaukar hoto. Iyayen namiji su kawo wasiƙa da hannunsu, a ba su amsa bayan kwana takwas. In an yarda, uba ya rubuta. In an ƙi, a ba su kabewa. A sauran gidaje kabewar a baki kawai take, amma Nana ta gaske take bayarwa, ta taɓa ɗora wa wani saurayin gwaggota Tiya Ofelia ɗaya a kan motarsa, ga shi Tiya har yau ba ta yafe ba.

Mahaifin Ramiro ya rasu tun yana ƙarami, saboda haka mahaifiyarsa Doña Herminia ce ta tuƙo mota awa biyar daga Lubbock da wasiƙar a jakarta. Lahadi ce, bayan an taso daga coci.

Ku bari in gaya muku shigar da na yi, don na san wasunku ita suka zo ji. Doguwar riga ruwan zuma mai hannu har gwiwar hannu, wadda Mama ta sa aka ƙara wa tsawo don kada surukuwa ta ga gwiwata. 'Yan kunnen azurfa na Nana masu shuɗin dutse. Gashi na tufke shi a baya da fil shida, ɗaya yana sukana har aka tashi. Mama ta fito da farantan da ba a taɓawa sai Kirsimeti, ta dafa masara da naman alade da jan barkono, ta soya fanke mai kumburi na ci da zuma. Gidan gaba ɗaya ƙamshin gasasshen barkono yake, har labule.

Doña Herminia gajeriyar mace ce, tsaf da ita, cikin baƙin siket da farar riga, tabarau yana rataye a wuyanta da siririyar sarƙa. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Ashe ɗana yana da ido." Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Ta miƙa wa Baba wasiƙar, ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a ƙarƙashin hoton Uwargida Maryamu ba tare da ya buɗe ba. Komai yana tafiya yadda Nana take so.

Sai Tiya Ofelia ta fara wasanta.

Tiya ƙanwar Baba ce, kuma duk Lahadi sai ta gwada sa'arta. Ta tsoma fanke a zuma ta ce, "Delfina, an ce matar mai gidan burodi ta yi ta zarya asibiti. Wurinku take zuwa?"

"Ni ina na santa, Tiya? Ci abincinki."

"To ɗan gidan Baca fa, mai ɗingishi?"

"Ban san shi ba. Garin nan mutum nawa ne?"

"Kin ga ta ko?" Tiya ta juya wurin baƙuwa. "Shekara huɗu, ko ƙyallin labari ba ta taɓa kawo min ba. An yi asarar kuɗin makaranta."

Aka yi dariya, har da Doña Herminia. Gaskiyar magana, waɗanda Tiya take ambata ban san su ba, shi ya sa amsar take fita a sake, da dariya da komai. Ban taɓa lura da haka ba sai ranar.

Doña Herminia ta goge bakinta, ta buɗe jaka ta ciro wani ƙaramin hoto. Na ga Ramiro ya ajiye cokali.

Ya ce, "Mama, ba yau ba."

"Yau ɗin. Za mu zama dangi, me za a ɓoye?" Ta miƙa wa Mama hoton. "Autata ce, uban su ba ɗaya ba da Ramiro. Wata goma sha huɗu rabona da ita. Wasu likitoci ne suka juya mata kai, ta yanke gashi, ta ce ita namiji ce, ta tattara kaya ta bar gida. Na ɗauki lauya, ya rubuta wa asibitoci sun fi ashirin, har na Colorado. Duk amsa ɗaya suke ba shi, kamar baki ɗaya gare su. Ko tana cin abinci ma ban sani ba."

Mama ta dafa ƙirji. "Wayyo, Allah ya bayyana ta."

Doña Herminia ta dube ni tana murmushi, irin na wanda ya shiga wasan Tiya don raha kawai. "Ke ma na san ba ki san ta ba, 'yata. Maribel Quintanilla."

Kun ga a nan, abin da ya kamata in ce a bakina yake. Sau biyu na faɗe shi cikin minti biyar da suka wuce. Ni ina na santa? Shi ke nan, a ci gaba da cin fanke. Amma sunan yana shiga kunnena sai bayana ya miƙe, hannuwana suka haɗu a kan tebur yadda nake haɗa su a taga, na ji muryata ta fito a daidaice:

"Ba zan iya ce miki muna da mai wannan suna ba, ba kuma zan iya ce miki ba mu da shi ba."

Tiya ce ta fara tsayar da tauna. Nana ta runtse ido. Murmushin Doña Herminia ya tafi a hankali, ta ɗauki tabaraunta ta sa, ta ƙare min kallo.

Ta ce, "Matar mai burodi ba ki san ta ba. Mai ɗingishi ba ki san shi ba. Tawa ce ba za ki iya cewa ba."

Lauyanta ya yi wata da watanni yana buga ƙofofi bai samu komai ba, ni na ba ta a kan teburin uwata, tsakanin zuma da barkono, da jimlar da aka koya min don in rufe baki. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya.

Ba a daɗe ba suka tashi. Ramiro bai dube ni ba ko sau ɗaya.

A kicin Mama ta rufe ƙofa ta tare ni da tsumman goge kwano a hannu.

"Yarinyar tana wurinku?"

"Mama, kin san ba zan faɗa ba."

"Ai kin riga kin faɗa! Saura ki ƙarasa alheri. Adireshi kawai, ki rubuta a 'yar takarda, wa zai sani?"

"Kwamfuta za ta sani. Duk fayil ɗin da na buɗe sunana yana kai, da lokaci."

"Kwamfuta ce za ta aure ki?" Ta jefar da tsumman. "Uwa ce fa, Delfina. In ke ce kika ɓace min wata goma sha huɗu, wallahi sai na fasa tagar nan taku da dutse."

Na san za ta fasa ɗin, shi ya sa na kasa jin haushinta. Na wuce ɗaki na cire filolin nan ɗaya bayan ɗaya. Wayata ta yi ƙara, saƙon Ramiro ne.

"Fito. Ina bakin rijiyar ban ruwa."

Na zura silifa na fita. Yana jingine da motarsa, ya cire taye ya cusa a aljihu. Na shirya jawabina tsaf, cewa ko zai fasa auren ba zan ba shi adireshin kowa ba. Ban kai ga buɗe baki ba ya riga ni.

"Kalma huɗu, Delfina. Ban san ta ba. Me ya hana ki?"

Na ce, "Me kake nufi?"

"Ni na ɗauko Teo daga Lubbock a motar nan," in ji shi. "Ni na nemo masa ɗaki, ni na nemo masa aiki. Ranar da kika sa ni gyaran na'ura, shi nake jira ya fito daga wurin likita."

"Ba kai aka turo gyaran ba?"

"Wa ya turo ni? Kin daka min tsawa ne, na ga ba zan iya musu da ke ba."

Da a wata rana ce, da na yi dariya. Na ce, "Shekara guda muna tare, ba ka gaya min ba?"

"In gaya miki ki yi yaya? Ki zauna da mahaifiyata kina ɗauke da shi a ciki? Na ɗauka in ba ki sani ba, ba abin da za ki iya fasawa. Ban san takardar lauyan ta hannunki ta bi ba." Ya shafa fuskarsa. "Duk Lahadi ina kiranta ina yi mata ƙarya. Kin san nauyin wannan? Ke sau ɗaya aka nema a wurinki."

"Ba a koya min ƙarya ba, Ramiro. Shiru aka koya min."

"To ga inda shirunki ya kai mu."

Ya shiga mota ya tafi. Bai ce ya fasa ba, bai ce yana nan ba. Da na dawo gida na tarar Nana ta ɗauko kabewa daga lambu ta ajiye a kan matakalar ƙofa, tana goge ta da ɗankwali.

Na ce, "Nana, ai ba su suka yi laifi ba."

"Na ce sun yi? Ina dai goge abata."

Litinin da safe ban ko ajiye jaka ba na ƙwanƙwasa ofishin Bernadette. A wurinmu in ka yi ɓarna kai ne za ka fara kai ƙarar kanka, kafin a gano. Na zayyana mata komai, har da fanken. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta cire murfin biro.

"Kin faɗi sunansa?"

"A'a."

"Kin ce yana zuwa nan?"

"Jimlarmu kawai na faɗa."

"A inda ba a saba jinta ba." Ta yi rubutu. "Laifinki ba ranar Lahadi ya fara ba. Shekara huɗu kina ce wa gwaggonki ba ki san wane ba, ba ki san wance ba. Duk ranar da kika faɗi haka, kin yi alkawarin fallasa wanda kika sani ne. Amsa ɗaya ce ga kowa, ko a taga ko a kicin."

Ta rufe min fayil ɗin Teo, ko sunansa na buga ƙararrawa za ta kaɗa a wurinta. Ta ce za a rubuta a takardar aikina, sannan a ranar za ta kira shi ta gaya masa abin da ya faru, don haƙƙinsa ne ya sani. Wannan ya fi takardar yi min ciwo. Wani da ban taɓa gani ba zai ɗaga waya a wurin aikinsa ya ji cewa matar da yayansa yake nema ta nuna wa uwarsa hanya.

Talata na hango motar. Farar ƙaramar mota mai lambar Texas, a filin ajiye motocinmu, daidai inda ake ganin ƙofar shiga. Mai gadi ya je ya yi mata magana cikin ladabi, ta tayar da motar ta koma tsallaken titi gaban shagon wanki, inda ba mai ikon korarta. Tun bakwai da rabi take zuwa, sai biyar take tafiya, da flas ɗin kofi da carbinta. Daga tagata ina ganinta. Duk matashin da ya nufo ƙofa sai ta miƙe zaune.

Bernadette ta sa aka riƙa shigo da masu jin tsoro ta ƙofar baya, don ba Teo kaɗai ne yake da wanda yake gudu ba. Wata yarinya ta hango lambar motar ta juya ko shiga ba ta yi ba. Wannan ma a wuyana yake.

Saƙonni kuwa ba su tsaya ba. Doña Herminia ta samo lambata a wurin Mama.

"Barka da asuba 'yata. Ranar da za ta zo asibiti kawai za ki gaya min. Ba zan yi mata magana ba, daga nesa zan gan ta."

Laraba: "Na yi miki addu'a a coci."

Alhamis: "Ki gaya wa mahaifinki kada ya wahalar da kansa da rubutu in haka za mu zauna."

Ban amsa ko ɗaya ba. Na rubuta wa Ramiro, "Ka ci abinci?" Ya amsa bayan awa shida, "Na ci." Ku da kuke ce min in ja aji, ku gaya min da me ake jan aji a kan "na ci".

A gida Mama ta daina yi min magana kai tsaye, sai ta bango. "Wasu dai za su tsufa a taga da hatimi a hannu." Tiya ta riƙa zuwa kullum wai ta zo duba Nana. Baba ne kaɗai bai ce uffan ba, sai ranar Asabar da na same shi yana yi wa itacen tuffa aski. Bai juyo ba ya ce, "Wasiƙar tana nan inda na ajiye. Abin da kika yi a wurin aiki daidai ne?"

"Abin da na faɗa ranar Lahadi kuskure ne, Baba. Ƙin ba da adireshin daidai ne."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da yankan reshe.

Ranar Litinin, kwana na takwas, ƙarfe goma da 'yan mintoci, wani saurayi ya tsaya a tagata. Siriri, da riga ruwan toka da hular da ya juya baya, ɗan gashin baki ya fara fito masa. Ban buƙaci a gaya min ba, girar Ramiro ce sak a fuskarsa.

Ya ce, "Ke ce mai fasa ƙwai a wurin cin abinci?"

Na ce, "Ba ni da izinin taɓa fayil ɗinka. Bari in kira wata."

"Na sani, na riga na gama da Madam Tsosie. Ke na zo gani." Ya jingina da taga. "Yaya ya ce kin fi haka tsawo."

"Ka yi haƙuri. Ban da abin da zan ce da ya wuce wannan."

"Kwana biyu na yi ina zaginki, har na gaji. Na tattara kaya zan gudu Denver, sai na zauna a kan akwatin na ce, yau kuma? Na gudu sau ɗaya, ya isa." Ya leƙa ta gilashin ƙofa. "Ta rame."

"Kullum tana nan tun Talata."

"Na sani. Sau uku ina wucewa ta gabanta a bas. Jiya ma na tsaya a shagon wankin, ta dube ni ta kau da kai." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Yarinya mai dogon gashi take nema."

Ya ciro farin ambulan daga aljihun baya. Ya ce ya nemi kwafin shafi ɗaya daga takardunsa, na zuwansa na ƙarshe, an ba shi. Da hannunsa ya bi da baƙin alƙalami ya shafe adireshi, da sunan likita, da sunan magani, don kada lauya ya samu abin kamawa. Abin da ya bari kaɗan ne: sunansa, nauyinsa, bugun jininsa, da layi ɗaya da likita ta rubuta cewa yana cikin ƙoshin lafiya, yana ci, yana barci.

"Tun ina yaro tambayarta ɗaya ce, ka ci abinci? To ga amsa da hatimin asibiti." Ya turo ambulan ɗin ta ƙarƙashin gilashi. "Yanzu ba takardar asibiti ba ce, tawa ce, kuma ni na ba ki. Ke kika buɗe ƙofar, ke za ki kai."

"In ta tambaye ni inda kake fa?"

"Ai kin iya jimlarki."

Na juya ambulan ɗin. A baya ya rubuta da manyan baƙaƙe: DAGA TEO, ƊANKI.

Na dubi Bernadette da ke tsaye a ƙofar ofishinta. Ta duba agogo ta ce, "Hutunki minti goma sha biyar ne. Cire katin aiki kafin ki fita."

Na cire na ajiye kusa da hatimi. Na tsallaka titi, ga iska tana ɗaga min siket. Sai da na matso na ga ba ita kaɗai ba ce a motar. A kujerar gefe Mama ce zaune, da mayafinta na zuwa coci, ta riƙe wani ambulan ruwan madara a cinya. Na gane rubutun Baba a kai. Ban san me ya rubuta ba, ba wanda ya tambaye ni.

Doña Herminia ta sauke gilashi. Na miƙa mata nawa, gefen rubutun yana sama.

"An ce in ba ki."

Ta dubi rubutun. Ta daɗe tana dubansa, hannayenta suna kan sitiyari, ba ta ɗaga ko ɗaya ba.

"Ba ni da ɗa mai wannan suna."

"To sai in mayar masa."

Na fara janye hannuna, sai Mama ta yi magana, karo na farko cikin mako guda da ta dube ni ido cikin ido. "Tsaya, Delfina." Ta juya wurin Doña Herminia. "Herminia, kwana bakwai kina zaune a nan kamar mai gadi. Ni da zan samu ko da takardar tarar mota ce da sunan 'yata, karɓa zan yi."

Doña Herminia ta saki sitiyari. Ta dubi ƙofar asibitin, inda mutane suke shiga suna fita, ta dawo da idonta kan ambulan ɗin. Tabaraunta yana nan rataye a ƙirjinta, rana tana haska sarƙar.

Ta ce, "Na manta tabarauna a gida. Buɗe ki karanta min. Ki fara daga sunan."